Kawu da Sunayen 'Yan Gada

Kawuna ya rasu wata Talata da hantsi, a gidan babban ɗansa da ke Upper Marlboro. A kujerarsa ta falo aka tarar da shi, carbi a cinya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Washegari bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, ina aikin gyaran sauti a sashen Hausa na wani gidan rediyo a nan Washington. Zan faɗi abin da na sani game da shi ba tare da na kama sunan kowa ba, kuma mai karatu zai ga dalili nan gaba kaɗan.

Gidan ya cika tun ranar farko. Direbobi 'yan Nijar da ke zaune a Clinton suka zo a motoci uku, suka zauna a ƙasa a jere. Babbansu ya ce, "Tsoho ya tafi. Yanzu wa zai riƙa ƙirga mu?" Sauran suka yi murmushi, idanunsu jajur. Duk ranar Juma'a Kawu ba ya barin mota ta tashi daga masallaci sai ya ƙirga waɗanda aka zo da su, ya tabbata ba a bar kowa a baya ba. Jikokinsa, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, suka lafe a matakalar bene suna kallon masu shigowa. Mata kuwa sai cewa suke mutum ne marar hayaniya, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni kuwa na taɓa jin ya ɗaga.

Ranar sadakar uku, ana cikin raba abinci, aka danna ƙararrawar ƙofa. Wani dattijon Bature ne sanye da kwat, da jakar takardu a hammata. Falon ya yi tsit. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan a 'yan shekarun nan ya san yadda gaba ke faɗuwa in baƙuwar fuska ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da takardu. Biyu daga cikin direbobin suka miƙe kamar za su yi alwala, suka fice ta baya. Ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya tsaya da farantin shinkafa a hannu, bai ajiye ba, bai kuma matsa ba.

Baturen ya sunkuya ya cire takalmansa. A nan na gane shi. Tsohon malamin makaranta ne, abokin Kawu. Ya gaida mutane, ya ce cikin Turanci ya zo ban kwana da sojan da ya koya masa abin da bai samu a littattafai ba.

"Soja?" in ji wata mata kusa da ni. "Ashe Baba soja ne?"

Yaya ya yafito ni kicin, ya tura ƙofa.

"Wa ya gaya wa mutumin nan Baba ya yi soja?"

"Kawu da bakinsa."

"Ke kuma me ya gaya miki? Na san duk Asabar kina ɗaukarsa ki kai shi gidanki."

"Na ɗauki muryarsa, Yaya. Kusan shekara guda ina ɗauka."

Ya dafa kan murhu. "Ki goge," ya ce. "Don girman Allah ki goge kafin ya jawo mana abin da ba mu iya fita."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Lokacin da ya ɗauko mahaifinsa daga gida bayan rasuwar uwarsu, shi ya cika masa takardun neman izinin zama. Akwai wata tambaya a ciki: ko mutum ya taɓa shiga soja ko wata runduna mai ɗauke da makami. Yaya ya ji tsoron kada abin ya ja dogon bincike, ga tsoho ba lafiya, ga babu wata takardar shaida. Sai ya rubuta a'a, ya sa hannu a matsayin wanda ya cika. Yaya aikin gwamnati yake yi, irin wanda ake bin diddigin mutum kafin a ba shi. Tun daga ranar, wannan a'a ɗin take bin sa kamar inuwa.

Ina nan ranar da Kawu ya gano. Wajen shekara biyu bayan zuwansa ne, muna zaune bayan cin abinci, Yaya ya ce masa ya daina yi wa mutanen masallaci hirar yaƙi, ya kuma gaya masa dalili. Kawu ya miƙe tsaye. Ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba.

"Gwamnati ta share mu, ban yi magana ba. Yanzu kai ma, ɗan cikina, ka sa alƙalami ka share ni?"

"Baba, don lafiyarka na yi."

"Ni ka tambaye ni?"

Muryarsa ta cika gidan har yara suka gudu sama. Wata guda bai ci abinci tare da Yaya ba. Daga baya ya sauko, kuma bai ƙara yin maganar yaƙi a masallaci ba, don ya gane abin da zai iya samun ɗansa. Amma maganar ba ta mutu a cikinsa ba.

Kawu mutum ne mai ƙananan ɗabi'u da ba mu san tushensu ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ba ya cin kifin gwangwani ko a gidan wa aka ba shi. Ranar bikin 'yancin ƙasar nan, tun kafin a fara harba wutar wasa yake shiga ɗaki ya kunna karatun Alƙur'ani da ƙarfi. In za a yi tafiya, ko kasuwa ce, sai ya ce, "Mu nawa ne? A san adadi tun yanzu." Ni kuwa Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Bai taɓa miƙo mini abu da hannu ɗaya ba.

Akwai wata tsohuwa a gidan da ke kallon nasu, mutuniyar gabashin Najeriya. Duk ranar kwasar shara Kawu ne ke janyo mata kwandunanta zuwa bakin gareji. In dusar ƙanƙara ta zuba, sai ya fara share gaban gidanta kafin nasu, Yaya yana ta faɗa saboda ciwon bayansa. Bai taɓa shiga gidanta ba. Da mijinta ya rasu, ya tsaya a bakin ƙofarta tun safe har la'asar yana karɓar baƙi, ba wanda ya sa shi. Da Kawu ya rasu, ta zo mana gaisuwa da tukunyar miya. Ashe tana jin Hausa garau, a Arewa aka haife ta, tana yarinya suka gudu. Na raka ta waje, sai ta ce mini, "Na san soja ne tun ranar da na fara ganin tafiyarsa. Na ga irin tafiyar ina ƙarama. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Maƙwabci ne na kirki."

Ɗaukar muryar ta samo asali ne daga wata fita. Gidana a Woodbridge yake, kuma ba nisa akwai wani tsohon filin daga na yaƙin basasar Amurka. Na kai shi ne kawai ya sha iska. Muna cikin tafiya a ciyawa ya tsaya gaban wani dogon dutse da aka yi wa rubutu, ya ce in karanta masa. Na ce sunan wata runduna ce da wata jiha ta tara ta aiko, da bayanin inda suka tsaya ranar da aka gwabza. Malamin nan Bature, wanda ke zagayawa da baƙi a wurin don sha'awa, ya matso ya ƙara bayani. Ya ce kakan kakansa yana cikin irin wannan runduna. Manoma ne da masu shaguna, an ce musu 'yan watanni za su yi su koma gida. Ya ce shekara ashirin ya yi yana tattara sunayensu, wa ya mutu, a ina, wa ya dawo.

Kawu ya tambaye shi da Turancinsa na bariki, "Duka ka samo su?"

Ya ce saura kaɗan.

Kawu ya daɗe yana kallon dutsen. A mota ya ce mini, "Uwata, wannan na'urar taku ta wurin aiki, tana ɗaukar maganar tsoho?"

Haka muka fara. Duk Asabar da safe in ɗauko shi, in dafa masa shayi, in ajiye rakoda a teburin cin abinci. Ga abin da ya ba ni, a taƙaice.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a gida Najeriya, ba a daɗe da yanka jihohi ba. Aka aika wa hakimai su kawo maza. Aka tara 'yan doka da maharba da leburorin jirgin ƙasa da samarin da suka gama firamare ba aiki. Tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu suka koya musu fareti a filin ƙwallo, yawanci da sanduna, don bindiga ba ta isa kowa ba. An ce musu rundunar jiha ce, aikinsu gadin gadoji da layin dogo, ba za su wuce iyakar jiha ba. Shi ya sa mutane suka sa musu suna 'Yan Gada. Kafin damina ta fita aka kawo manyan motoci aka kwashe su zuwa kudu. Can aka rarraba su cikin sojojin tarayya, wasu nan wasu can, aka ce za a ba kowa sabuwar lamba. Sunan 'Yan Gada ya ɓace daga ranar.

"Lambar ba ta zo wa kowa lokaci ɗaya ba," in ji shi. "Wanda ya mutu kafin tasa ta iso, a takarda bai taɓa zuwa yaƙi ba."

Bai wanke kansa ba. Ya faɗi ranar da suka kwashe doyar wani ƙauye yara suna kallo, cikinsu a kumbure. Ya faɗi wani abin da ya fi wannan, wanda ba zan rubuta a nan ba. Ya ce gara jikokinsa su ji daga bakinsa da su ji daga bakin wani. Amma abin da ya fi damunsa sunaye ne. Yakan rufe ido ya jero su gari-gari, wane ɗan wane, daga unguwa kaza, ya faɗi a wuri kaza. In suna ya ɓace masa sai ya kasa shan shayin. Wani lokaci ranar Laraba ya kira ni ina wurin aiki, ko gaisuwa babu, ya ce, "Na tuno shi, rubuta."

Ni kuwa kullum da fargaba nake mayar da shi gida. Na san Yaya bai san ina ɗaukar muryarsa ba. Na kwafe sautin a wurare biyu, sannan na riƙa tsoron wuraren biyun.

Akwai suna ɗaya da ya daɗe yana kewayewa. Su uku ne a ɗakinsu: Kawu, sai Inna mahaifiyata, sai Auta. Na tashi na tarar ana cewa Auta ya bi Kawu yaƙi, an kama shi, kuma an ji yana raye a can gabas. Kaka, mahaifiyarsu, ta rayu shekaru da yawa bayan yaƙi, ba ta yarda an yi masa sadaka ko addu'ar mamaci ba. Duk direban da ke zuwa gabas sai ta ba shi kwatance. Bayan rasuwarta Inna ta gaji jiran. Ko bara, da ta ga hoton wani tsoho a waya, ta turo mini ta ce in duba goshin nan.

Wata Asabar, watanni biyu kafin rasuwarsa, Kawu ya zauna bai taɓa shayin ba.

"Uwata, kashe abin nan." Na kai hannu. "A'a, bar shi."

Ya ce Auta bai kai shekarun shiga ba, ya ɗane motar ne ranar tafiya. Kaka ta biyo su da gudu, da ta ga ba zai sauko ba ta ce wa Kawu, "Ga amana nan." Sun yi wata biyar tare. A wajen ƙetare wani kogi harsashi ya sami Auta a cinya. Babu magani, babu mota. Kawu ya goya shi zuwa wata makarantar firamare da rufinta ya ƙone. Kwana biyu ya yi. Su huɗu suka yi masa salla, suka naɗe shi da bargon Kawu, suka binne shi a gindin bishiyar kwakwar manja a bayan ajin. Lambarsa ba ta riga ta iso ba.

"Da na dawo gida ta tarye ni a zaure. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta leƙa bayana ta ce, ina ƙanenka? Na buɗe baki in faɗa, sai na ji na ce an kama shi. Na ce zan gyara maganar gobe. Goben ce har ta mutu."

Ya dube ni. "Sunanta gare ki. Yau na gaya mata."

Na tura masa wayata na ce, "Kawu, ga Inna. Yanzu la'asar ce a gida, tana nan."

Ya girgiza kai. "Na fuskanci bindiga, amma ba zan iya wannan ba. In na tafi ki gaya mata."

Wannan shi ne nauyin da nake ɗauke da shi ranar da Yaya ya ce in goge. Inna tana da hawan jini, ga rashin yayanta ɗanye. In na faɗa mata, maganar za ta zaga dangi, dangi kuma har nan suke, wani ya faɗa wa wani cewa tsohon nan soja ne. In na yi shiru, na zama Kawu na biyu. Sati uku ina tuƙa babbar hanyar nan zuwa aiki ina tsara kalmomi ina rushewa. Sau biyu na danna lambarta na kashe kafin ta shiga.

Jakar da malamin ya kawo ita ta fara sassauta al'amarin. Ashe Kawu ya riƙa ba shi sunayen shi ma, shi kuma ya buga su da kyau yadda yake yi wa rundunar kakan kakansa: suna, gari, inda mutum ya faɗi. Yaya ya jefa jakar a aljihun tebur bai buɗe ba. Sai da aka yi kwana ashirin da wani abu ya kira ni ya ce in zo. Na tarar da takardun a baje a gabansa, yatsansa a kan layi na ƙarshe.

"Wannan Auta ne," ya ce. "An rubuta inda ya faɗi."

Na ce haka ne.

"Gwaggo ta sani?"

Na ce ba ta sani ba.

Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce ya je wurin wata lauya ya gaya mata gaskiyar abin da ya rubuta a takardun. Ba ta ba shi tabbacin komai ba. Ta ce mai yiwuwa maganar ta bi mai ita kabari, mai yiwuwa kuma wata rana a tambaye shi, kuma in an tambaya kada ya ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Har yau da nake rubutun nan a haka yake zaune, kowace wasiƙa ta shigo sai ya juya ta sau biyu kafin ya buɗe.

"Kada ki goge," ya ce. "Amma kada ki sa a rediyo, ba yanzu ba. Ki kira Gwaggo. In kina so in zauna kusa da ke."

Muka kira ta a nan take, da rana tsaka a nan, ita kuma ta idar da magariba. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi sanyi. Na ce, "Inna, Kawu ya bar mini saƙo in ba ki. Ki zauna tukuna. Akwai wani kusa da ke?"

"Ƙanwarki na nan. Faɗi."

Na faɗa mata, tun daga kogin har makarantar. Yaya ne ke riƙe da wayar. Da na gama, shiru ya yi tsawo har na zaci layin ya katse. Ina jin kukan akuya daga nesa.

"Inna?"

"Ina ji." Ta ja numfashi. "Yana wurin lokacin da rai ya fita?"

"Yana wurin. Kan Auta a cinyarsa."

"Sun yi masa salla?"

"Sun yi. Su huɗu."

"Da me suka rufe shi?"

"Da bargon Kawu."

Na jira ta yi kuka ko ta yi fushi, na shirya wa duka biyun. Da ta yi magana, muryarta a kwance take.

"Da ya gaya mini, da na taya shi ɗauka. Allah Ya yafe masa, ni na yafe." Sai ta ce, "Ɗan yayana yana kusa?"

"Ga ni, Gwaggo."

"Ranar arba'in ɗin babanka, ka ce wa liman mamatan biyu ne. Ka ba shi sunan Auta ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Ni ma zan sa a yi a nan. Sama da shekara hamsin yaron nan yana kwance ba wanda ya ce Allah Ya ji ƙansa."

Yaya ya dube ni. Na san abin da yake tunani: falo cike da mutane, tambayoyin da za su biyo baya, wane ne Auta, a ina ya rasu, me ya kai shi can. 

"Zan faɗa masa, Gwaggo."

Ranar arba'in liman ya kira sunaye biyu. Mutane suka shafa, wasu suka dubi juna. Babban direbobin nan ya matso ya tambayi Yaya wane ne na biyun. Yaya ya ce, "Ƙanen Baba ne. Tare suka je yaƙi, Baba ne ya binne shi."

Allah Ya ji ƙansu su biyun, da sauran 'Yan Gada, da waɗanda suka faɗi a ɗaya gefen kogin.